Fumfunar da Na Kashe da Hannuna

Shekarun baya kaɗan, ban fi wata biyu da fita takaba ba, na tafka wata ɓarna wadda har gobe in na tuna ta sai dariya da hawaye su zo mini lokaci guda. Ni ban yi boko ba, alƙalami ma ban san yadda ake riƙe shi ba. Matar ɗana ce ke rubutawa ina faɗa mata, saboda haka in kun ga zance ya karkace, bakina ne, ba hannunta ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa, manomin shinkafa ne a fadamar Haɗeja, can ta wajen Kirikasamma. Shekara arba'in da 'yan kai muka yi tare, kuma har yau in na ji an yi gyaran murya a zaure sai gabana ya faɗi, in zaci shi ne ya dawo. Duk wanda ya san aikin fadama ya san abin da ruwa ke yi wa ƙafa. Mutum ya wuni tsaye cikin taɓo yana dashe, yau da gobe, sai tsakanin yatsunsa ya yi fari fat, ya tsattsage, ga ƙaiƙayi ga wari, har sa takalmi ya gagara. Masunta ma haka suke fama. To shi maigidana yana da maganin wannan, kuma maganin ba saiwa ba ne, ba ganye ba. Fumfuna ce.

Ƙwarai kuwa, fumfuna, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da aka manta a kwano. Sai dai tasa ja ce, kamar goron da aka tauna. Tun yana saurayi wani tsohon masunci ya nuna masa ita a gindin wata giyayya da ke ƙarshen gonarsu, a jikin ruɓaɓɓen karan shinkafa. Ya ɗebo ya zuba a wata baƙar tukunya, ya ajiye bayan rumbu. Duk Juma'a sai ya watsa mata dusar shinkafa tafi ɗaya, ya yayyafa ruwa, ya rufe da faifai. In ta cika ya kankare sama, ya busar, ya niƙa, ya ƙuƙƙulla wa masu buƙata su barbaɗa tsakanin yatsu. Na ƙasan tukunyar bai taɓa kwashe shi ba. Ni a zatona ƙyuyar wanke tukunya ce irin ta maza, na kuma sha faɗa masa hakan. Sai ya yi murmushi kawai ya ce, “Ke dai kula da tukwanenki.”

Da ya rasu aka raba kayansa. Riguna suka tafi, fartanya da lauje suka tafi, keken ma ya tafi. Tukunyar nan babu wanda ya ko kalle ta. Sai na samu kaina duk Juma'a ina ɗibar dusa ina zuwa bayan rumbu, ni da na shekara arba'in ina toshe hanci in na wuce wurin. Cikin abin da ya bari duka, ita kaɗai ce mai ci da sha. Nakan tsuguna a gabanta in yi kukana in share ido in tashi.

Autata a lokacin tana jami'a a Kano, ta gama karatun farko ta ɗora na gaba. Abin da take karanta, kamar yadda ta sha yi mini bayani, ƙananan halittu ne, musamman fumfuna, da yadda ake samun magani daga jikinsu. Ta ce wasu manyan magungunan asibiti ma daga fumfuna aka fara samo su. Ni dai nakan ce to, uban ya yi ta a tukunya, 'yar ta je tana yi a jami'a.

Wata ranar Talata da hantsi ta kira ni a waya.

“Iya, tukunyar Baba tana nan?”

Na ce, “Tana nan, ni ke ba ta abinci.”

Sai ta ce, “Iya, na yi wa malamina zancenta, ya yarda in yi aikin kammala karatuna a kanta. Ina so a gano mene ne a cikinta yake warkar da ƙafa. Ki ɗebo mini kaɗan a leda, cokali biyu ma ya isa, ki bai wa direba a tasha.”

Jama'a, farin cikin da na yi ran nan ban yi irinsa ba tun da aka fita da gawar mijina. Wato abin da na raina, ga shi za a kai shi jami'a! Na miƙe ina zagaya tsakar gida ni kaɗai ina ta surutu kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Sai dai fa akwai abu biyu da ban taɓa yi ba tun da na fara aika wa 'ya'yana saƙo birni. Ban taɓa aika abu kaɗan ba, ban kuma taɓa aika abu ɗanye ba. Shinkafa sai na turara na shanya na kai an cashe, kifi sai na banda, kuka sai na daka na tankaɗe. Cokali biyu? A leda? Danƙararriyar fumfuna mai wari, a buɗe ta a gaban malamai a ce daga gidan su wance ta fito? Na ce ina, ba da ni ba.

Na kinkimo tukunyar na juye ta kaf a kan tabarma, na sa ɓawon ƙwarya na kankare har ƙasa. Na baza a rana, irin ranar nan ta bazara mai dafa ƙwai, kwana uku cur ina juyawa. Na daka a turmi, na tankaɗe da rariya, ya fito gari ja lukui, gwanin sha'awa. Da na sansana na ji har yanzu da ɗan bashi-bashi, sai na hura garwashi a kasko, na zuba turaren wuta mai kyau, wanda wata ƙawata Babarbariya ta haɗa mini, na kifa kwando a kai na turara garin nan sai da ya kama ƙamshi. Na cika gwangwanin madara babba, na naɗe da sabon ƙyalle. Tukunyar kuwa na ce yau dai Allah ya kawo ranar wankinki. Na tafasa ruwa, na sa toka da soso na dirje ta ciki da waje, na kife a rana. A raina na ce fumfuna ai ba shuka ta ake yi ba, da kanta take zuwa. In na zuba sabuwar dusa za ta dawo a tukunya mai tsabta.

Washegarin da saƙo ya isa, waya ta yi ƙara.

“Iya, me kika yi mata?”

Na gyara zama na ce, “Na gyara miki ita. Kin ga kyau ko?”

“Iya, ƙamshi take yi kamar ɗakin amarya. Duk ɗakin gwajinmu ya ɗauka, abokan aikina sai tambaya suke wa ya zo da turare.” Tana dariya tana faɗa, ni ma ina taya ta. Sannan ta ce, “Amma Iya, mai rai nake so. Sai na shuka ta a nan ta tsiro tukuna zan iya aiki. Wannan kam rana da hayaƙi sun gama da ita. Ba komai, ki sake ɗebo mini daga tukunyar, wannan karon kada ki yi mata komai.”

Na waiwaya na dubi tukunyar, ga ta can fes.

“Iya, kina ji na?”

Na ce, “Auta, tukunyar na wanke ta.”

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Numfashinta kawai nake ji. Can ta ce, a hankali, “Da ruwan zafi?” Na ce da ruwan zafi da toka. Ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Irin wadda ake yi in an yi mutuwa. Nan na gane abin da ke ƙasan tukunyar nan, wanda na ɗauka datti ne, shi ne iri.

Duk da haka ban saduda ba. Na zuba dusa, na yayyafa ruwa, na rufe. Bayan mako guda na buɗe, sai ga fumfuna ta fito kuwa, amma koriya da baƙa, irin ta kowa da kowa. Na zubar na sake, haka. Sau huɗu ina yi. Ja ko ɗigo babu. Ita kuma can an riga an rubuta mata wannan aiki a makaranta, lokaci yana tafiya. In abin ya faskara, sai dai ta watsar ta nemi wani daga farko, maganin ubanta kuma ya bi shi kabari, kuma ni ce na tura shi.

Da damina ta yi nisa na ce ba zan zauna ba, sai na je inda aka fara samo ta. Tun da maigidana ya kwanta ciwo ban taka gonar nan ba, ban kuma so in taka. Na shiga mota zuwa wajen Kirikasamma, gidan ƙanin mijina. Masunci ne, shi ma ya tsufa, amma bakinsa bai tsufa ba. Tun ina amarya muke tsokanar juna.

Yana ganina ya ce, “A'a, matar yaya da kanta? Labari ya riga ki zuwa. An ce kin yi wa fumfuna turaren wuta. Saura lalle da kitso, sai mu zo ɗaukar amarya.”

Na ce, “Kai dai ba ka da aiki, tsohon banza. Tashi ka kai ni gindin giyayya.”

Ya daina dariya. Ya dube ni ya ce, “Kin tabbata kina son ganin wurin?”

Na ce ko me zan gani sai na je.

Muka shiga kwalekwalensa, yana tura shi da gora. Ruwa ya cika ko'ina, ga kore shar ta kowane gefe, ga tsuntsaye fari fat suna tashi. Da farko har na ji raina ya yi sanyi. Amma muna matsawa sai hanya ta fara ƙuntata. Kacala ce, doguwar ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, ta fi tsayin mutum, ta cinye ƙarshen gonar kaf. Da adda yake sara muna kutsawa. Da muka iso, giyayyar ta faɗi tuntuni, sai kututture a cikin ruwa. Ya ce shekara biyu ke nan ruwa bai janye daga wurin ba, rani da damina. Babu karan shinkafa, babu busasshiyar ƙasa, babu komai. Na sa hannu ina lalube a jikin kututturen, ina ciro taɓo ina dubawa kamar mahaukaciya. Nan ne wurin da nake kawo masa abinci ya zauna ya ci. Na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko ran mutuwar.

Ƙanin mijina ya ƙyale ni sai da na yi mai isata. Sannan ya cire hularsa, ya zaro wani ɗan ƙulli daga cikin naɗinta, bai fi ƙwallon dabino ba.

Ya ce, “Ungo. Yaya ne ya ba ni, shi ne na ƙarshe da ya haɗa da hannunsa.”

Na dubi ƙafafunsa a cikin jirgin. Tsakanin yatsun duk ya tsage, har da jini. Na ce, “Kana da wannan ka bar ƙafarka haka?”

Ya ce, “In na barbaɗa ya ƙare, wa zai ba ni wani? Nakan dai ciro in duba in mayar.” Sai ya kawar da kai ya share ido da gefen riga, ya ce, “Kuma wannan ba a rana aka busar da shi ba. Yaya cikin rumbu yake shimfiɗawa, a inuwa, ya ce rana tana kashe ƙarfinta. Shekara arba'in kina gidan ba ki sani ba?”

Na ce, “Kai da ka sani me ya hana ka gaya mini?”

Ya ce, “Kin taɓa tambaya?”

Na karɓa na ɗaure a bakin zane. Wannan ƙulli ban yarda na ba direba ba. Ɗana na sa ya kai shi Kano hannu da hannu, na kuma rantse masa ko buɗewa ban yi ba.

Auta ta gwada shuka shi ta kowace hanya, ya ƙi tsirowa. Ya daɗe da bushewa, shi ma ya mutu. Da ta gaya mini, na ce shi ke nan, magana ta ƙare. Sai ta ce, “Iya, ba ta ƙare ba. Bari in zo Sallah in yi miki bayani, a waya ba za ki gane ba.”

Ta zo. Bayan an ci tuwon Sallah muka zauna a tabarma a inuwar ɗaki, ta ce, “Iya, duk abu mai rai, mutum ne ko shinkafa ko fumfuna, akwai wani rubutu a cikin jikinsa, ƙanƙane, ido ba ya gani. Shi ake gada daga iyaye. Shi ke gaya wa jiki yadda zai yi komai. Fumfunar Baba, a cikin nata rubutun akwai wurin da ya faɗi yadda ake haɗa jan maganin nan, daki-daki. Ita ta mutu, amma rubutun bai goge ba, yana nan cikin garin ƙullin nan da Baffa ya ba ki.”

Na ce, “To rubutu ai ba ya dafa tuwo. Wa zai karanta ya yi aikin?”

Ta ce, “Yawwa, nan nake so ki zo. Akwai wata fumfuna daban, mai sauƙin kai, fara, ba ta cutarwa. Mutanen can gabashin duniya da ita suke haɗa kayan miyarsu tun kaka da kakanni, kamar yadda muke yin daddawa. Tana tsirowa a ɗakin gwaji ba gardama. Za mu karanto rubutun ta Baba da na'ura, mu kwafi wurin da ya shafi maganin, mu sa shi a cikin jikin wannan farar. In Allah ya yarda ta karɓa, sai ta riƙa haɗa maganin da ba nata ba, tana zaton nata ne.”

Na juya maganar a raina. Sai na ce, “Tsaya. Wato ƙwan zabuwa za ku sa wa kaza?”

Ta zaro ido. Na ce, “Zabuwa ai ba ta iya kwanci ba, sai ta watsar da ƙwai a daji. Shi ya sa muke tsinto shi mu cusa a ƙarƙashin kaza. Ita ta yi ta kwanci abinta, ran ƙyanƙyasa kuma 'yan zabi ne za su fito, ba 'yan tsaki ba.”

Yarinyar nan ta faɗi a kan tabarma tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Iya, wallahi wata uku na yi kafin in gane abin nan a aji, ke kin gane kafin shayi ya huce. Gobe ke za ki je ki koyar.”

Na ce, “Amma fa ki sani, ba kowace kaza ke yarda ba. Wata in ta gane sai ta fasa ƙwan.”

Ta ce, “Haka tamu ma take, Iya. Sai addu'a.”

Daga nan aka shiga jira, kuma jira ne mai tsawo, ya fi shekara. Garin da na daka, ta ce rana da hayaƙi sun yayyaga rubutunsa kamar takardar da ɓera ya ci. Na Baffanta ne mai dama-dama, ga shi ɗan mitsitsi, kuma duk gwajin da aka yi sai ya ci wani abu daga ciki. Na farko bai fito da kyau ba. Na biyu rabi ya karantu. Ranar da saura ɗan abin da bai fi a ɗauka da yatsa biyu ba, ta ƙi taɓawa sai da ta sa aka haɗa ta da Baffan a waya. Ta ce masa in ta yi amfani da wannan, ko ya yi ko bai yi ba, babu sauran abin da za ta mayar masa. Aka ce sai ya ce, “Zuba, 'yata. Hulata ma ta gaji da dako.”

Allah da ikonsa, a wannan na ƙarshen rubutun ya karantu.

Ni na zaci an gama, ashe yanzu aka fara. Ta ce abin ba guda ɗaya ba ne, gutsure biyar ne ko shida, kowane da aikinsa, kamar masu aikin shinkafa: wani ya yanka, wani ya buga, wani ya sheƙe. Sai an shigar da su duka cikin farar fumfunar kafin magani ya fito. Duk mako nakan kira ta in ce, “Auta, ta yi ja?” Ta ce, “Fara ce sol, Iya.” Watanni aka yi a haka. Wata rana ta ce ta yi ruwan ɗorawa, wato an kama hanya amma aiki ya tsaya a tsakiya, akwai guda da ya ɓace musu. Suka koma suna laluben rubutun. Ashe shi wannan ɗayan ba ya tare da 'yan'uwansa, yana can gefe shi kaɗai. Ni kuwa ba abin da nake sai addu'a da sadakar ƙosai. Maƙwabta har sun saba, in sun gan ni sai su ce, “Iya, ya jikin fumfuna?”

Wata safiya ina tsakar gida ina tsince shinkafa, waya ta yi ƙara. Ina ɗagawa sai ihu, har na tsorata na zaci wani abu ya same ta.

“Iya! Iya! Ta yi ja! Wallahi ta yi ja!”

Faifan shinkafar ya kife, kaji suka yi ta biki, ban ko waiwaye su ba. Na fita ƙofar gida ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, ina faɗa wa duk wanda na gani, har da mai sayar da ruwa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Na ce wa ɗana ko ya kai ni Kano ko in kama hanya da ƙafa.

Bayan mako biyu ya kai ni. Aka ba ni wata farar riga na ɗora a kan hijabi, aka sa mini safar hannu ta roba, na koma kamar ungozomar asibiti. Ɗaki ne mai sanyi, ga kwalabe ga na'urori suna ta ƙugi. Auta ta ɗauko wasu 'yan farantan gilashi masu murfi, kowane bai fi tafin hannu ba. Ta nuna mini na farko, fumfuna fara kamar auduga, ta ce wannan ita ce ba a sa mata komai ba. Ta ɗaga na biyu ta juya mini gindinsa. Ja, jama'a. Wannan jan dai da na sani.

Na ce, “Ta yaya kuka tabbatar shi ne, ba wani jan ba?”

Malaminta, wani dattijo mai fara'a, shi ya amsa. Ya ce, “Hajiya, ai a nan kika taimake mu. Garin nan naki mai ƙamshi, rai ne babu a cikinsa, amma da sauran maganin, ga shi kin aiko da yawa. Da shi muka tace muka gwada a na'ura, muka ga wannan da wancan abu ɗaya ne. Da cokali biyu kika aiko da ba mu sami na gwadawa ba.”

Na dubi Auta na ce, “Kin ji ko? A ƙara faɗa mata da ƙarfi.”

Sai ta kawo faranti na uku. Ta ce wannan abin da ya rufe shi, shi ne ƙwayar cutar da ke cin tsakanin yatsu, ita ma dangin fumfuna ce. A tsakiya sun ɗiga jan maganin. Na duba, sai na ga cutar ta mamaye ko'ina, amma kewayen ɗigon nan fes, ta ja da baya ta bar fili, kamar yadda ciyawa ke barin kewayen gidan tururuwa.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Guɗa sosai, irin ta kai amarya, a cikin ɗakin gwajin jami'a. Wata ɗaliba ta kusa sakin kwalba, mai gadi ya shigo da gudu da sanda. Kafin a gama ba shi haƙuri kuma guɗar ta juye ta zama kuka. Na riƙe farantin da hannu biyu ina kiran maigidana ina cewa, “Malam, ka gani? Ka ga abinka?” Auta ta rungume ni, ita ma tana yi. Malamin ya sa kowa ya fita aka bar mu.

Ta kammala karatunta da wannan aiki, ta kuma sa sunan ubanta da na Baffanta a shafin farko. An karanta mini, na sa an maimaita sau uku. Amma kada in yi muku ƙarya, har yau ba a kai ga sayar da shi a kanti ba. Ta ce sai an tabbatar ba ya cutar da fata, sai an gwada an sake gwadawa, kuma mai yiwuwa ne ya kai, mai yiwuwa ne ya tsaya a hanya. Jar fumfunar kanta kuma ba ta dawo ba. Ni na kashe ta, wannan ba ya canzawa. Abin da ta iya ne kawai aka ceto aka ba wata riƙo.

In na zauna ina tunani, ba wanke tukunyar ne ya fi ci mini rai ba. Kowa yana kuskure, ni kuma da kyakkyawar niyya na yi nawa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne na zauna da mutum tsawon rai, na san yawan gishirin da yake so a miya, na san takunsa daga nesa, amma abu ɗaya da ya fi kowa sani a garin nan ban taɓa cewa ya nuna mini ba, don na riga na yanke cewa ƙazanta ce. Waɗanda naku suke raye, ku tambaye su. Ko abin ya yi muku kama da shirme, ku tambaya, ba a sanin ranar da za a rufe bakin.

Shi ya sa yanzu na zama fitinanniya. Duk ranar da ƙanin mijina ya kawo kifi kasuwar Haɗeja ya biyo ta gida, sai na tsare shi da tambaya, matar ɗana tana rubutawa: yadda ake gane inda tarwaɗa ke kwana, wace ƙasa ce ke son wace shinkafa, me yayansa yake cewa game da kaza da kaza. Makon jiya ya gaji ya ce, “Wai ke tsohuwa, kamun kifi za ki fara bayan tsufa?”

Na ce, “Ba ruwanka, faɗa dai a rubuta.”

Ya miƙe ƙafafunsa a kan tabarma, yatsun nan duk sun sha man kanti wanda kullum yake ƙorafin ba ya yi masa aiki. Ya ce, “To a fara rubuta wannan, a aika wa Auta. Duk ranar da maganin nan ya fito, ko gwamna ne ya zo, bayana zai tsaya. Ni ne na farko a layi.”

An rubuta, an aika. Allah ya nuna masa ranar da ransa, tun da shi mai abin bai gani ba.